Me ake aunawa idan an ce asid ko bes yana da ƙarfi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. An koya mana cewa HCl asid ne mai ƙarfi, asid ɗin asetik kuma mai rauni ne, haka nan NaOH bes ne mai ƙarfi, amoniya kuma mai rauni. To amma na karanta cewa HF yana cin gilashi kuma yana iya kashe mutum, alhali an sa shi cikin masu rauni. Sannan idan na zuba HCl kaɗan a cikin ruwa mai yawa, shin ya koma mai rauni ke nan? Don Allah a fayyace mini ainihin bambancin."

Wa'alaikumus salam. Tambayarka ta haɗa abubuwa uku da suke yawan cakuɗe wa ɗalibai, wato ƙarfin asid, da kaurinsa a cikin ruwa, da kuma haɗarinsa ga jikin mutum. Kowannensu da ma'auninsa, kuma asid ɗaya yana iya yin sama a ɗaya ya yi ƙasa a sauran biyun. Abin da kake son sani shi ne wane hali masana kimiyyar sinadarai suke dubawa kafin su kira asid ko bes mai ƙarfi, kuma amsar ita ce suna duba kason ƙwayoyinsa da suke rabuwa su zama ayon idan an narkar da shi a ruwa. Sauran bayanin duk daga nan yake fitowa.

Tushen maganar

Svante Arrhenius, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya fara kawo bayanin da har yau ake koyarwa a makarantu. A cikin kundin digirinsa na 1884 ya yi nazarin yadda ruwan da aka narkar da sinadarai a cikinsa yake ɗaukar wutar lantarki, daga nan ya kai ga cewa asid da bes da gishiri suna rabuwa a ruwa su zama ƙananan ɓangarori masu cajin lantarki, waɗanda ake kira ayon. Malaman da suka duba kundin ba su ba shi wani makin kirki ba, amma a 1903 wannan aikin ne ya jawo masa kyautar Nobel. A wurinsa asid shi ne abin da yake samar da H⁺ a ruwa, bes kuma abin da yake samar da OH⁻.

A 1923 Johannes Brønsted na Denmak da Thomas Lowry na Ingila, kowannensu yana aikinsa daban, suka faɗaɗa ma'anar. Suka ce asid shi ne mai bayar da furoton, wato H⁺, bes kuma shi ne mai karɓarsa. Wannan ma'anar ta fi amfani a gare ka a nan, domin ta nuna cewa ruwa ba wurin zama kawai yake ba wa asid ba, da shi ake yin cinikin. Idan muka kira kowane asid da HA, abin da yake faruwa shi ne:

HA + H₂O ⇌ H₃O⁺ + A⁻

Asid ya miƙa furotonsa ga ƙwayar ruwa, ta zama H₃O⁺, shi kuma ya rage a matsayin A⁻. Kibiyoyin nan biyu suna nuna cewa abin yana iya komawa baya, domin A⁻ yana iya ƙwace furoton daga H₃O⁺ ya sake zama HA. Saboda haka A⁻ shi kansa bes ne, kuma ana kiransa abokin gamin asid ɗin. Ana ta kai-komo har a iso matakin da yawan masu rabuwa a kowace daƙiƙa ya yi daidai da yawan masu sake haɗuwa. Wurin da wannan daidaito ya tsaya shi ne ƙarfin asid. A HCl ya tsaya can ƙarshen dama, ta yadda kusan babu ƙwayar HCl ɗaya da ta rage a haɗe, shi ya sa ake rubuta shi da kibiya ɗaya. A asid ɗin asetik, CH₃COOH, ya tsaya kusa da ƙarshen hagu.

Alƙaluma za su fi nuna maka girman tazarar. Ɗauki ruwa biyu masu kauri ɗaya, mol 0.1 a kowace lita (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyi), ɗaya na HCl ɗaya na asetik. A na HCl, yawan H₃O⁺ shi ne mol 0.1 a lita, domin duka ya rabu. A na asetik kuwa abin da ya rabu bai wuce kashi 1.3 cikin 100 ba, wato kimanin mol 0.0013 a lita, sauran suna yawo a ruwan a haɗe yadda suke. Yawan ƙwayoyin asid ɗaya ne a duka biyun, amma H₃O⁺ na farkon ya ninka na biyun kusan sau 75. Idan aka auna da ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a 1909 a ɗakin gwajin Carlsberg da ke Kofenhagen, na farko zai nuna 1, na biyu kuma 2.9. Ka tuna cewa kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, don haka tazarar da ta yi maka kama da ƙarama a kan takarda babba ce a cikin kwalba.

Lambar da ake amfani da ita wajen jera masu rauni ita ce Ka, wadda ake samu idan aka ninka yawan H₃O⁺ da yawan A⁻ aka raba da yawan HA da ya rage. Ta asetik ita ce 1.8 × 10⁻⁵ a zafin digiri 25 na Selshiyos. Don sauƙi ana mayar da ita pKa, kamar yadda ake yi wa pH, kuma gwargwadon ƙanƙantar pKa gwargwadon ƙarfin asid: asetik 4.76, HF kimanin 3.2, HCN kimanin 9.2. Masu ƙarfi ba su da yawa, kuma ya kamata ka haddace su: HCl, HBr, HI, HNO₃, HClO₄ da H₂SO₄. Duk asid ɗin da ka gamu da shi a jarrabawa wanda ba ya cikin waɗannan, mafi rinjaye mai rauni ne. H₂SO₄ ma furotonsa na farko ne kaɗai yake saki gaba ɗaya. Na biyun yana fitowa daga HSO₄⁻, wanda pKa ɗinsa kimanin 2 ne.

Kauri daban, ƙarfi daban

Yanzu mu koma kan tambayarka ta biyu. Idan ka zuba HCl kaɗan a ruwa mai yawa, ka tsinka shi ne, amma duk ƙwayar da ke ciki ta saki furotonta, saboda haka yana nan a matsayin asid mai ƙarfi, tsinkakke. Kauri yana magana ne a kan mol nawa ka zuba a lita ɗaya, kuma wannan a hannunka yake. Ƙarfi hali ne na ƙwayar asid ɗin, ba ka da ikon sauya shi da ƙara ruwa ko rage shi.

Daga nan ne ake samun abin da yake ba ɗalibai mamaki, wato asid mai rauni yana iya fin mai ƙarfi tsami idan ya fi shi kauri sosai. Asetik mai kaurin mol 1 a lita yana da pH kimanin 2.4, shi kuwa HCl mai kaurin mol 0.001 a lita pH ɗinsa 3 ne. Wanda ya dubi pH kaɗai zai yanke hukuncin cewa asetik ya fi ƙarfi, kuma ya yi kuskure. Ba a kwatanta ƙarfin asid biyu da pH sai idan kaurinsu ɗaya ne. Wannan sharaɗi ɗalibai da yawa suke mantawa da shi a amsarsu, kuma a kansa nake yawan rage maki idan ina duba takardun gwaji.

Akwai wani abin lura kuma. Gwargwadon yadda ka tsinka asid mai rauni, gwargwadon yadda kason da yake rabuwa yake ƙaruwa, domin ayon ɗin sun yi nesa da juna, ba sa yawan gamuwa balle su sake haɗuwa. Asetik a mol 1 kashi 0.4 cikin 100 ne yake rabuwa, a mol 0.1 kashi 1.3, a mol 0.01 kimanin kashi 4, a mol 0.001 ya haura kashi 12. Wilhelm Ostwald ne ya tsara dokar wannan a 1888. Lambar Ka kuwa ba ta motsa ba a duk matakan nan, shi ya sa ita ce ma'aunin ƙarfi na gaskiya. Wannan ya ba mu gwaji mai sauƙi: idan ka tsinka asid mai ƙarfi sau goma, pH ɗinsa yana hawa da mataki ɗaya cif, amma na mai rauni yana hawa da kimanin rabin mataki ne kawai, domin wasu ƙwayoyin da suke a haɗe sun rabu sun cike wani ɓangare na gibin.

Me yake sa wani ya saki furoton, wani ya riƙe?

Abu biyu ne suke aiki tare: ƙarfin igiyar da ta ɗaure H da sauran ƙwayar, da kuma yadda A⁻ yake iya zama lafiya da cajinsa bayan H⁺ ya tafi. A ganina na biyun ya fi muhimmanci a fahimta, domin asid mai ƙarfi shi ne wanda abokin gaminsa ba ya kwaɗayin furoton ya dawo.

Dubi dangin HF, HCl, HBr da HI. Fuloriin ya fi kowane atam jan ilektiron, don haka mutum zai yi zaton HF ne zai fi ƙarfi, amma akasin haka ne. Atam ɗin fuloriin ƙarami ne, igiyarsa da H gajeruwa ce mai wuyar tsinkewa, tana buƙatar kimanin kilojul 570 a kowane mol, alhali ta HCl kimanin 430 ce, ta HI kuma kimanin 300. Ga shi kuma F⁻ ƙarami ne da cajinsa ya taru a wuri ɗaya, yana jan H⁺ da ƙarfi, shi kuwa I⁻ babba ne, cajinsa ya bazu. Saboda haka ƙarfi yana ƙaruwa ne daga HF zuwa HI.

A asid masu atam ɗin oksijin a ƙwayarsu, yawan oksijin ne yake yanke hukunci. HClO mai rauni ne sosai, pKa ɗinsa kimanin 7.5, HClO₂ ya fi shi, kimanin 2, HClO₄ kuma yana cikin mafiya ƙarfi da aka sani. Kowane ƙarin oksijin yana janye ilektiron daga igiyar O–H, sannan yana ba cajin da ya rage ƙarin wurin bazuwa. Irin wannan ne yake faruwa idan aka cire H daga ɓangaren CH₃ na asetik aka sa kulorin a wurinsa: kulorin ɗaya yana saukar da pKa daga 4.76 zuwa kimanin 2.9, uku kuma suna kai ta ƙasa da 1, ba tare da an taɓa H ɗin da yake fita ba.

Ɓangaren bes

Hujjar ɗaya ce, sai dai akwai bambanci guda da ya kamata ka riƙe. NaOH da KOH tun suna daskare ayon ne a jere, Na⁺ da OH⁻, ruwa yana warware su ne kawai, don haka duk abin da ya narke ya ba da OH⁻. Amoniya, NH₃, ba ta ɗauke da OH⁻ ko kaɗan. Sai ta ƙwaci furoton daga ruwa sannan a samu:

NH₃ + H₂O ⇌ NH₄⁺ + OH⁻

Kuma kaɗan ne daga ƙwayoyinta suke iya yin haka. Kb ɗinta, wato takwarar Ka a ɓangaren bes, 1.8 × 10⁻⁵ ce, kusan daidai da Ka ta asetik, saboda haka a kaurin mol 0.1 ita ma kashi 1.3 cikin 100 ne take sauyawa, pH ya tsaya a 11.1, alhali NaOH mai wannan kaurin yana kai 13.

Kada ka haɗa ƙarfi da narkewa. Ca(OH)₂ ba ya narkewa sosai, abin da lita ɗaya take ɗauka bai kai giram 2 ba, amma ɗan abin da ya narke yana rabuwa gaba ɗaya, shi ya sa ake lissafa shi cikin masu ƙarfi. Amoniya kuwa tana narkewa a ruwa ƙwarai da gaske, kuma mai rauni ce.

Akwai alaƙa tsakanin asid da abokin gaminsa wadda take da sauƙin lissafi: Ka × Kb = 1.0 × 10⁻¹⁴ a digiri 25. Idan ɗaya ya hau, dole ɗayan ya sauka. Cl⁻ ya fito daga asid mai ƙarfi, don haka ba ya karɓar furoton a ruwa, shi ya sa ruwan NaCl yake tsaka-tsaki. Asetet, wato abokin gamin asetik, ya fito daga mai rauni, yana iya ƙwatar furoton kaɗan daga ruwa, sai ruwan CH₃COONa ya karkata zuwa bes. NH₄Cl kuma yana karkata zuwa asid saboda NH₄⁺. A nan akwai maganar da ake yawan faɗa ba daidai ba, cewa abokin gamin asid mai rauni bes ne mai ƙarfi. Kb ta asetet kimanin 5.6 × 10⁻¹⁰ ce, wato ya fi amoniya rauni nesa ba kusa ba. Abin da ya dace a ce shi ne ya fi Cl⁻ ƙarfi.

Abin da ake gani a ɗakin gwaji

Gwajin da na fi so in fara nuna wa ɗalibai shi ne na ƙwan fitila. Ana tsoma sanduna biyu masu ɗaukar lantarki a cikin ruwan, a haɗa su da batir da ƙwai. A HCl ƙwan yana haske sosai, a asetik mai kauri ɗaya da shi sai ya yi dishi-dishi, domin ayon ne suke ɗaukar wutar kuma ba su da yawa. Bayan haka mukan jefa guntun maganisiyam a kowanne. A HCl kumfar haidurojin tana tasowa da sauri har kwalbar gwajin ta ɗau zafi, a asetik kuma tana fitowa a hankali.

Sai in tambaye su: idan maganisiyam ɗin ya wadata, wanne ne zai ba da iskar haidurojin mafi yawa a ƙarshe? Mafi yawansu sukan ce HCl. Amsar ita ce daidai suke bayarwa. Duk H₃O⁺ da aka cinye a ruwan asetik, daidaiton yana gocewa, wasu ƙwayoyin su rabu su maye gurbinsa, haka ake tafiya har na ƙarshe ya ƙare. Asid mai rauni kamar mutum ne da yake riƙe kuɗi kaɗan a aljihu, sauran suna ajiye. Ba zai iya biya a tashi ɗaya ba, amma idan an bi shi a hankali zai biya duka. Saboda wannan dalili, mililita 25 na HCl da mililita 25 na asetik, dukansu mol 0.1 a lita, kowannensu yana buƙatar mililita 25 na NaOH mai wannan kaurin kafin ya ƙare.

Bambancin yana fitowa ne a hanyar da pH yake bi yayin da ake ɗiga NaOH daga buret. Na HCl yana ƙarewa a pH 7. Na asetik yana ƙarewa a kimanin 8.7, saboda asetet ɗin da ya taru. Wannan ne yake tantance sinadarin nuna launi da za a zaɓa. Fenolftalin yana sauya launi tsakanin pH 8.2 da 10, ya dace da asetik. Metil orenj yana sauyawa tsakanin 3.1 da 4.4, idan ka yi amfani da shi a nan launi zai juya tun ba a je ko'ina ba, sakamakonka ya lalace. A daidai rabin hanya kuma, lokacin da HA da A⁻ suka yi daidai, pH yana daidai da pKa, kuma ta haka ake auna pKa na asid ɗin da ba a sani ba. A wannan yankin pH ba ya motsi sosai ko an ƙara asid ko bes kaɗan, domin HA yana tare OH⁻, A⁻ kuma yana tare H₃O⁺. Da irin wannan garkuwar ce, ta asid ɗin kabonik da bayikabonet, jinin mutum yake tsayawa tsakanin pH 7.35 da 7.45. Asid mai ƙarfi ba ya iya wannan aikin a irin wannan pH, tunda ba shi da abin da ya rage a ajiye.

Batun HF

HF mai kaurin mol 0.1 kimanin kashi 8 cikin 100 ne yake rabuwa, don haka mai rauni ne ba tare da gardama ba. Cin gilashin da yake yi aikin fuloriin ne, wanda yake haɗuwa da silikon ɗin da ke cikin gilashi ya narkar da shi. HCl da ya fi shi ƙarfi ana ajiye shi a kwalbar gilashi shekara da shekaru ba abin da ya same ta, shi kuwa HF sai a roba. Haɗarinsa ga jiki ma raunin nasa yana da hannu a ciki, domin ƙwayar HF da ba ta rabu ba ba ta da caji, tana ratsa fata cikin sauƙi ta shiga ciki, a can fuloraid ya kama kalsiyam da maganisiyam na jiki. Idan tsinkakke ne, mutum yana iya ɗaukar sa'o'i kafin ya ji zafi, kuma idan kalsiyam na jini ya sauka sosai bugun zuciya yana rikicewa. Shi ya sa wuraren da ake aiki da shi suke ajiye man kalsiyam gulukonet a kusa, kuma duk wanda ya taɓa shi asibiti ake kai shi ko da bai ji komai ba. Yadda ake maganinsa fannin likitoci ne. HCN ya fi HF rauni da nisa, kuma guba ce mai kisa. Asetik ma idan tsantsarsa ce tana ƙona fata. A ɗakin gwaji alamar haɗarin da ke jikin kwalba ake dubawa, kuma idan za a tsinka asid mai kauri, shi ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kansa.

Iyakar wannan rabe-rabe

Raba asid gida biyu sauƙi ne aka yi wa mai koyo. A zahiri jeri ne mai tsawo, kuma akwai masu tsayawa a tsakiya kamar H₃PO₄, wanda pKa ɗinsa na farko 2.15 ne. Duk alƙaluman da na kawo na ruwa ne a digiri 25, kuma lissafin yana tafiya daidai ne a ruwan da bai yi kauri sosai ba; a mai kauri ƙwarai ayon suna takura wa juna har pH ya kauce wa abin da aka lissafa. A ɗaya gefen, idan HCl ya tsinke har ya kai mol 10⁻⁸ a lita, pH ɗinsa ba 8 ba ne, kimanin 6.98 ne, domin a nan dole a lissafa H₃O⁺ da ruwa yake samarwa da kansa.

Ruwa kuma yana ɓoye bambancin da ke tsakanin masu ƙarfi. HCl da HBr da HClO₄ duk suna miƙa masa furotonsu gaba ɗaya, abin da ya rage yana aiki a kowanne shi ne H₃O⁺, saboda haka a ruwa ba a iya gane wanda ya fi. Sai an narkar da su a abin da ba ya karɓar furoton da sauƙi, kamar tsantsar asetik, sannan ake ganin HClO₄ ya fi HCl. Haka yake a ɓangaren bes, inda OH⁻ ne mafi ƙarfin da yake iya zama a ruwa: duk wanda ya fi shi, kamar NH₂⁻ ko O²⁻, da ya shiga ruwa yake ƙwace furoton daga gare shi ya bar OH⁻ a wurin.